Gida da Waje a Kan Allo Ɗaya: Nazarin Koyar da Tarihin Amurka na Bayan 1945 a Makarantunta na Sakandare

Ranar 12 ga Maris 1947 Shugaba Harry Truman ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya nemi dala miliyan 400 don a tallafa wa Girka da Turkiyya, ya kuma ɗaukar wa ƙasarsa alkawarin tsaya wa duk al'ummar da ake neman danne ta da makami ko da matsin lamba daga waje. Kowa ya gane da Tarayyar Sobiyet yake. Bayan kwana 9 ya sa hannu a kan umarnin da ya ce a binciki biyayyar ma'aikatan gwamnatin tarayya, a sallami duk wanda aka samu dalilin shakkar amanarsa. Tsoron da ya fitar da kuɗi zuwa ƙetare shi ne ya buɗe fayil a kan malamin ofis a Washington. Litattafan tarihi na sakandare a Amurka sukan taɓa wannan alaƙa, domin ta fito fili ƙwarai. Daga nan kuwa zaren yakan tsinke. Siyasar waje ta kama hanyarta a wasu babuka, al'amuran cikin gida su kama tasu a wasu, ɗalibi ya gama shekara bai taɓa ganin su tare ba. Wannan nazari ya duba yadda ake koyar da wannan zamani, abin da tsarin ya iya, abin da ya kasa, da dalilin da ya sa nake ganin raba gida da waje shi ne babban rauninsa.

Ajin da lokacinsa

Amurka ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa. Kowace daga cikin jihohi 50 tana tsara ƙa'idojinta, gundumomin makarantu fiye da 13,000 kuma suna da tasu ta cewa wajen zaɓen littafi da jadawali. Duk da haka akwai al'adar da ta game kusan ko'ina: darasin tarihin Amurka na shekara guda, galibi a aji na 11, ga yara masu shekara 16 zuwa 17. A jihar Texas darasin yana farawa daga 1877. A kwas ɗin AP, wanda hukumar College Board take shiryawa ga ɗaliban da ke son ɗanɗana karatun jami'a tun suna sakandare, ana farawa daga 1491, a zauna jarabawa a watan Mayu. Kwanakin makaranta kimanin 180 ne a shekara, littafin kuma yakan kusanci shafi 1,000.

Duk malamin da ya taɓa bin manhaja daga farkonta ya san abin da ke biyo baya. Ana daɗewa a kan abin da ya zo da wuri, a yi sassarfa a kan abin da ya zo daga baya. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu shekara ta yi nisa, sai a cusa Truman da Koriya da McCarthy da Martin Luther King da Biyetnam da Watergate a cikin 'yan makonni. Masanin zamantakewa James Loewen, wanda ya bi litattafan sakandare 12 ɗaya bayan ɗaya ya fitar da littafinsa Lies My Teacher Told Me a 1995, ya nuna cewa ƙarancin lokaci ba shi kaɗai ne dalili ba. Zamanin da masu shaidarsa suke raye, iyaye da kakanni suna da ra'ayi mai zafi a kansa, shi ne zamanin da mawallafa suka fi tsoron taɓawa. Ya koka musamman a kan yadda yawancin litattafan suka kauce wa shahararrun hotunan yaƙin Biyetnam, waɗanda su ne suka girgiza zukatan Amurkawa a lokacin.

Sakamakon ya bayyana a gwajin ƙasa na NAEP. A 2010, kashi 12 cikin 100 kawai na ɗaliban ajin ƙarshe suka kai matakin ƙwarewa a tarihin ƙasarsu. A 2011 ƙungiyar Southern Poverty Law Center ta auna abin da jihohi suka wajabta a koyar game da gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ta kayar da jihohi 35. Abin da ya fi damuna a nan shi ne cewa zamanin da ake tsallakewa shi ne wanda ya haifi Amurkar da waɗannan yara za su fara jefa ƙuri'a a cikinta bayan shekara ɗaya ko biyu.

Kakar 1957 sau uku

Littafin da aka saba gani yana da babin yaƙin cacar baka, da babin wadatar shekarun 1950, da babin 'yancin baƙaƙen fata, da babin Kennedy da Johnson, da babin Biyetnam, da babin Nixon. Tsarin yana da sauƙin koyarwa da sauƙin jarrabawa. Illarsa ita ce ɗalibi yana ratsa shekara ɗaya sau biyu ko uku a makonni daban-daban, bai san shugaba ɗaya ne a teburi ɗaya yake fama da duk abubuwan a lokaci guda ba.

A ɗauki kakar 1957. A watan Satumba gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiharsa suka tare ƙofar makarantar Central High a birnin Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙe 9 shiga. Hotunan gungun farare suna zagin yarinya 'yar makaranta suka zagaya duniya. Shugaba Eisenhower ya tura sojojin laima, kuma a jawabinsa na 24 ga wata ya faɗa wa Amurkawa cewa abokan gabar ƙasar suna murna da lamarin, suna amfani da shi wajen ɓata sunanta. Ranar 4 ga Oktoba Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. A cikin watan nan dai wani gidan abinci na Howard Johnson's a garin Dover, jihar Delaware, ya ƙi barin ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya zauna ya sha lemo saboda launin fatarsa, wata bakwai bayan Gana ta samu 'yancin kai. Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke abin kunyar. Little Rock tana babin 'yancin baƙaƙe, Sputnik tana babin yaƙin cacar baka, Gbedemah kuwa da wuya a same shi ko'ina. Amma ga wanda yake zaune a fadar shugaban ƙasa, duka ukun matsala ɗaya ce: wace ƙasa sababbin ƙasashen Asiya da Afirka za su gaskata.

Masaniyar shari'a da tarihi Mary Dudziak ta tattara hujjojin wannan a littafinta Cold War Civil Rights na shekarar 2000. A Disamba 1952, lokacin da shari'ar Brown, wadda ta ƙalubalanci raba yara a makarantu bisa launin fata, take gaban Kotun Ƙoli, Ma'aikatar Shari'a ta miƙa takarda mai cewa wariyar launin fata tana ba masu farfagandar kwaminisanci abin faɗa, ta kuma kawo bayanin Sakataren Harkokin Waje Dean Acheson a kan ɓarnar da take yi wa dangantakar Amurka da duniya. Ranar 17 ga Mayu 1954 kotun ta haramta raba yara a makarantun gwamnati. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yancin kai, jakadunsu suka fara zirga-zirga tsakanin New York da Washington a kan babbar hanya mai lamba 40. A Yunin 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta miƙa wa Kennedy takardun kama aiki, wani gidan abinci a jihar Maryland ya ƙi sayar masa da kofi. A 1963 Sakataren Harkokin Waje Dean Rusk da kansa ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa yana goyon bayan dokar 'yancin jama'a wadda aka zartar a 1964. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Amurka ta tarar cewa duniya tana kallon tudun da take tsaye a kai.

Dole malami ya yi hattara a nan. Gwamnati ba ta motsa don kunyar baƙi kaɗai ba. Mutanen Montgomery ne suka yi kwana 381 suna ƙaurace wa bas, suna tafiya a ƙafa, daga Disamba 1955. Matasa ne suka zauna a kantunan da aka hana su zama, aka doke su, aka ɗaure su. Yaƙin cacar baka ya ba gwagwarmayarsu wata kafa ta matsa wa gwamnati, ya kuma ɗaure mata hannu ta wani ɓangaren. An ƙwace fasfon mawaƙi Paul Robeson a 1950. An gurfanar da W.E.B. Du Bois a 1951 yana ɗan shekara 83, daga baya ya koma Gana, ya rasu a Accra a Agustan 1963, ana gobe babban gangamin Washington. A shekarar nan kuma Babban Lauyan Gwamnati Robert Kennedy ya amince hukumar FBI ta saurari wayar King bisa zargin alaƙa da 'yan kwaminis. Ɗalibin da aka nuna wa fuskokin biyu zai fahimci dalilin da ya sa shugabannin gwagwarmayar suke auna kowace kalma.

Irin wannan alaƙa tana ko'ina a zamanin. Dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda ta shimfiɗa mil 41,000 ta sauya fasalin birane da unguwanni, kalmar tsaro tana cikin sunan tsarin da ta kafa. Dokar ilimi ta 1958, wadda ta zuba kuɗin tarayya a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje, tsoron Sputnik ne ya haife ta, wato ajin da ɗalibin yake zaune a ciki ma yana da rabonsa daga yaƙin cacar baka. Lyndon Johnson ya kafa inshorar lafiyar tsofaffi ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe a 1965, shekarar da ya fara tura rundunonin ƙasa Biyetnam, kuma kafin 1968 ta ƙare sojojin Amurka a can sun haura 500,000. King ya haɗa biyun a jawabinsa na cocin Riverside ranar 4 ga Afrilu 1967, inda ya ce yaƙin yana cinye abin da aka yi wa talakawa alkawari. Ko faɗuwar Nixon daga waje ta samo tushe. Fallasa takardun sirri na Pentagon game da yaƙin Biyetnam a 1971 ita ta sa fadarsa ta kafa ƙungiyar toshe kafar fitar sirri, mutanen ƙungiyar nan kuma suna cikin waɗanda suka shirya fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate a Yunin 1972. Nixon ya sauka a Agustan 1974. Wanda ya karanta Biyetnam a mako ɗaya, Watergate a wani, zai ɗauka abin ya faɗo ne daga sama.

Takardun shaida a hannun ɗalibi

Mafi kyawun abin da malaman tarihi na Amurka suka ƙirƙiro shi ne ba ɗalibi takardun asali ya yi hukunci da kansa. Tun 1973 jarabawar AP take da tambayar da ake haɗa ta da gutsattsarin wasiƙu da jawabai da zane-zanen jarida da alƙaluma, a ce ɗalibi ya gina hujja daga cikinsu. Sam Wineburg na Jami'ar Stanford ya ba wannan hanya ginshiƙi. A binciken da ya wallafa a 1991 ya ba ƙwararrun masana tarihi da hazikan ɗaliban sakandare takardu iri ɗaya. Masanan sukan fara da duba ƙasan takarda su ga wanda ya rubuta ta da lokacin da ya rubuta. Ɗaliban sukan fara daga layin farko su sauka, kuma littafin makaranta suka fi amincewa da shi. Daga wannan aiki aka samu darussan Reading Like a Historian, waɗanda ake rabawa kyauta a intanet. Suna horar da yaro ya tambayi wane ne ya faɗa kuma don me, ya sanya maganar a zamaninta, ya gwada ta da wasu shaidu, ya karanta kalmominta a tsanake. Mai karatun da ya san ilimin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: a duba isnadi kafin matani, a san halin mai ruwaya, a nemi wata hanyar da ta ƙarfafa ko ta saɓa.

Zamanin bayan 1945 ya dace da wannan hanya fiye da kowane, saboda takardunsa suna da yawa kuma ana ci gaba da buɗe su. A darasin asalin yaƙin cacar baka ana iya ajiye doguwar wayar da jami'in diflomasiyyar Amurka George Kennan ya aiko daga Mosko a Fabrairun 1946 kusa da wadda jakadan Sobiyet Nikolai Novikov ya aika daga Washington a Satumban shekarar. Kowanne yana gaya wa gwamnatinsa cewa ɗayan ɓangaren ne mai neman faɗaɗa iko. Ɗalibi yana gama karanta su zai gane dalilin da ya sa masana suka rabu: na farko sun ɗora laifi a kan Stalin, William Appleman Williams a 1959 ya nuna rawar neman kasuwa a siyasar Amurka, John Lewis Gaddis daga 1972 ya nemi tsaka-tsaki, sannan bayan buɗe wasu taskokin Sobiyet ya ƙara karkata ga ɗora nauyi a kan Stalin.

Rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoban 1962 yana koyar da darasi na daban. Shekaru da yawa labarin da aka sani shi ne Kennedy ya tsaya ƙyam, shugaban Sobiyet Khrushchev ya ja da baya. Sai bayan fiye da shekara 20 aka tabbatar cewa an yi alkawarin sirri na janye makaman Jupiter na Amurka daga Turkiyya. Haka ma lamarin Tekun Tonkin a Biyetnam. Ranar 7 ga Agusta 1964 Majalisar Wakilai ta ba Johnson ikon amfani da ƙarfi da ƙuri'a 416 babu ko ɗaya mai adawa, Majalisar Dattawa da 88 ga 2, bisa rahoton hare-hare biyu a kan jiragen ruwan Amurka. Binciken hukumar NSA da aka saki a 2005 ya nuna harin na biyu, na 4 ga wata, bai auku ba. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu a yaƙin. Yaron da ya bi wannan da idonsa ya koyi cewa labarin hukuma yana iya sauyawa idan aka buɗe akwati, kuma ya koyi hakan ba tare da an ce masa ya daina yarda da kowa ba.

Hanyar tana da nata rauni, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Takardar da ta isa hannun ɗalibi an riga an zaɓe ta, an datse ta, wani lokaci an sauƙaƙa harshenta, saboda haka wanda ya haɗa takardun yana iya kai yaro inda yake so yana tsammanin da ƙafarsa ya je. Darasi ɗaya na irin wannan yana cin kwana ɗaya ko biyu, a shekarar da lokaci ya riga ya yi kaɗan. Yaron da bai san mene ne NATO ba, ko inda Berlin take, ba zai fitar da komai daga wayar Kennan ba, don haka bayanin malami da jerin shekaru suna nan da amfaninsu. Akwai kuma haɗarin mayar da kowace tambaya mai ɓangare biyu masu nauyi ɗaya. Wa ya fara yaƙin cacar baka tambaya ce da masana suke jayayya a kanta. Ko an kashe fararen hula ɗaruruwa a ƙauyen My Lai na Biyetnam a Maris 1968 ba abin jayayya ba ne. Malamin da bai bambance waɗannan ba ya koyar da ruɗu.

Siyasa a bakin ƙofar aji

Ruwa ba ya tsami banza. Taka-tsantsan ɗin mawallafa da malamai yana da tushe. A 1994 wata cibiya a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ƙarƙashin jagorancin masana irin su Gary Nash, ta fitar da ƙa'idojin tarihi na ƙasa waɗanda ba dole ba ne. Lynne Cheney ta kai musu hari a jaridar Wall Street Journal, tana ƙorafin cewa an ambaci Sanata McCarthy, mai farautar 'yan kwaminis, da aƙidarsa sau 19, an cika duhun tarihi an rage haskensa. A Janairun 1995 Majalisar Dattawa ta yi tir da ƙa'idojin da ƙuri'a 99 ga 1. A 2010 hukumar ilimi ta Texas ta sa a manhajarta cewa a koyar da saƙonnin sirrin Sobiyet na Venona, waɗanda aka saki a 1995, tare da batun McCarthy. A 2014 sabon tsarin AP ya jawo fushin kwamitin ƙasa na jam'iyyar Republican, ɗalibai a gundumar Jefferson ta jihar Kolorado suka fice daga azuzuwa suna zanga-zangar ƙin yunƙurin hukumar makarantunsu na sake duba darasin, College Board kuma ta yi wa tsarin gyara a 2015. A Janairun 2020 jaridar New York Times ta gwada bugun Texas da na Kalifoniya na litattafai masu suna ɗaya daga mawallafi ɗaya, ta samu bambance-bambance a kan launin fata da ƙaura da bindiga.

Batun Venona ya nuna yadda malami nagari zai bi ta tsakanin wuta biyu. Saƙonnin sun tabbatar cewa akwai Amurkawan da suka yi wa Sobiyet leƙen asiri, cikinsu har da Julius Rosenberg, wanda aka kashe shi da matarsa Ethel a Yunin 1953. Gaskiya ne kuma cewa McCarthy, tun daga jawabinsa na Wheeling a Fabrairun 1950, ya yi ta jefa zargi babu hujja, dubban mutane suka rasa aikinsu a guguwar zamanin, Majalisar Dattawa ta tsawata masa a Disamba 1954. Ɓangare ɗaya yana son a faɗi na farko a yi shiru da na biyu, ɗayan yana son akasin haka. Ɗalibi yana da haƙƙin jin duka biyun. Shi ya sa ban ga mafita a musanya littafin yabon ƙasa da littafin Howard Zinn, A People's History of the United States na 1980, ba, duk da alherin da ya yi wajen shigo da ma'aikata da mata da baƙaƙe cikin labari. Wineburg da kansa ya soki littafin da cewa yana magana da tabbacin da ya wuce hujjarsa. Idan yaro ya sauya abin da yake haddacewa kawai, bai ƙaru da iya tunani ba.

Waɗanda ba a ji muryarsu ba

Ko a azuzuwan da suka fi kyau akwai giɓin da ya rage. Ana koyar da siyasar waje daga teburin shugaban ƙasa, mutanen da siyasar ta sauka a kansu kuma ba su da baki. Juyin mulkin da CIA da Ingila suka shirya wa Firayim Minista Mohammad Mosaddegh a Iran a Agustan 1953, wanda CIA ta amsa a fili a 2013, yakan samu layi ɗaya ko biyu. Sai ɗalibi ya iso 1979 ya ga an tsare Amurkawa 52 na kwana 444 a Tehran, ya rasa inda fushin ya fito. Haka kifar da Shugaba Jacobo Arbenz a Gwatamala a 1954. Haka Kwango, inda kwamitin Sanata Frank Church ya gano a 1975 cewa CIA ta shirya sanya wa Firayim Minista Patrice Lumumba guba, kodayake abokan gabarsa na gida da jami'an Beljiyam ne suka kashe shi a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961. Ana ƙidaya Amurkawan da suka mutu a Biyetnam ɗaya bayan ɗaya, miliyoyin 'yan ƙasar da suka mutu kuwa a wuce su da jimla guda. Odd Arne Westad ya nuna a littafinsa The Global Cold War na 2005 cewa a Asiya da Afirka da Latin Amurka aka zubar da mafi yawan jinin wannan yaƙi, amma wannan fahimta tana tafiyar hawainiya kafin ta isa sakandare.

Abin da ya sa giɓin ya ƙara nauyi shi ne waɗanda suke zaune a ajin yanzu. Dokar shige da fice ta 1965 ta soke rabon gurbi bisa asalin ƙasa, wanda ya fifita 'yan arewacin Turai, kuma damuwa da sunan Amurka a duniya yana cikin dalilan zartar da ita. Yaƙe-yaƙen zamanin sun ƙara turo 'yan gudun hijira. Yau a aji ɗaya ana samun jikan sojan da ya je Biyetnam da jikan wanda ya gudo daga Saigon a 1975, da 'ya'yan mutanen Iran da Salbado da Habasha da Najeriya. Ga waɗannan yara siyasar waje ita ce labarin yadda iyalinsu suka iso unguwar da suke. Malamin da ya tura su su tambayi tsofaffin gidansu, sannan a gwada abin da suka ji da takardun hukuma, ya samu shaidar da babu mawallafin da zai iya sayar masa.

Hukuncina shi ne koyar da wannan zamani ya ci gaba ƙwarai ta fuskar hanya, ya tsaya cik ta fuskar tsari. Gyaran kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Malami yana iya raba allonsa biyu, gida a dama, waje a hagu, ya bi shekaru 1947 da 1957 da 1965 da 1971 yana tambayar yara abin da ya haɗa ɓangarorin. Yana iya ware wa bayan 1945 makonninta tun farkon shekara, kafin sauran darussa su cinye su. Yana iya sa takarda ɗaya daga Tehran ko Hanoi ko Accra a cikin kowane ƙunshin shaida. Yana iya koyar da shari'ar Tinker ta 1969, inda Kotun Ƙoli ta ba 'yan makaranta a Des Moines gaskiya bayan an dakatar da su saboda ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don ƙin yaƙin Biyetnam, domin yara su ga sa'anninsu a cikin tarihin. Malaman tarihi da ke karanta wannan a makarantunmu su ma suna koyar da yaƙin cacar baka da samun 'yancin ƙasashen Afirka, sau da yawa a zango daban-daban. Ina roƙonsu su haɗa biyun a darasi ɗaya, su kawo wa ɗalibai takardar asali ko da guda ce, su kuma saba musu da tambayar wanda ya rubuta ta kafin su gaskata abin da ta ƙunsa.